Tambayi Anti: Karatun nas da takardar koyarwa

Saƙonnin wannan makon kusan duk na karatu ne, na tsamo uku. Masu tambaya kan girki da rikicin dangin miji ku yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni 'yar Anguwar Rogo ce nan Jos, wata na huɗu kenan a makarantar nas muna PTS, wato karatun share fage, wallahi Anti ji nake kamar in tattara kayana in koma gida. Anatomi ya ƙi zama a kaina, ƙashi 206 kowanne da sunansa na Latin, ga lissafin magani, ga sanyin nan na Disamba mutum ya tashi da asuba ya buɗe littafi sai gyangyaɗi. An ce wanda ya faɗi jarabawar sallamarsa ake yi, kuma Baba fili ya sayar ya biya min kuɗin. Dan Allah ya zan yi?

Wa alaikumus salam 'yata. To ajiye jakar tukuna. Wata shidan farkon nan daman rariya ce, an yi ta ne don a tace, kuma kusan duk nas ɗin da kika gani da farin kaya tana taku ɗai-ɗai a wod sai da ta yi kukanta a hostel a wannan lokacin. Har ni.

Matsalarki hadda kike yi kamar karatun allo, shi kuwa anatomi a jikinki yake, ba sai kin je neman sa ba. Miƙo hannunki. Ƙashin dantse, daga kafaɗa zuwa gwiwar hannu, shi ne humerus, daga gwiwar hannu zuwa wuyan hannu biyu ne, radius yana ɓangaren babban yatsa, nan da kike ɗora yatsunki in za ki ji bugun jini, ulna kuma ɓangaren ɗan ƙaramin yatsa. Taɓa ki faɗa, taɓa ki faɗa, a keke a layin ɗiban ruwa ko ina. Kuma 206 ɗin da ke ba ki tsoro, kowane hannu daga wuyansa zuwa yatsu 27 ne, kowace ƙafa 26, kinga 106 sun tafi a hannu da ƙafa kawai, haƙarƙari 24, saura nawa ya rage? Ki samu ƙawaye biyu ko uku, ba goma ba, goma hira ce, kowa ta ɗauki sashe ta koyar da sauran da Hausa. Abin da kika iya faɗa da Hausa ya zauna kenan.

Lissafin magani kam ba na sassauta wa kowa, don nan ne ake kashe mutum. Misali likita ya rubuta ledar ruwa mil 500 ta shiga cikin awa 4, robar ƙarin ruwan kuma mai ɗigo 20 ce a kowane mil. 500 sau 20, 10,000. Awa 4 minti 240 ne. Raba, kin samu kusan ɗigo 42 a minti ɗaya. Shikenan fa, amma sai hannu ya saba. Ina ɗaliba na taɓa saita ruwa da ido kawai wai na ga yana tafiya daidai, wata metiron ta zo ta duba ledar ta dube ni, ba ta yi faɗa ba, agogonta ta cire daga ƙirji ta miƙo min ta ce ƙirga. Na ƙirga ya kusa ninki biyu. Tsohon da ke kwance yana ta min sannu bai san ni ce zan ja masa ba. Tun ranar ban sake saita ruwa ba agogo ba.

Sai abin da ba ki tambaya ba amma ya fi anatomi muhimmanci. In kin haye PTS, ki tabbatar makaranta ta tura sunanki Hukumar Nas da Ungozoma ta ƙasa, NMCN, an ba ki lambar indeksin, wato lambar rajistarki ta ɗaliba. In babu lambar nan ba za ki zauna jarabawar ƙarshe ta hukumar ba, wadda ake yi a Mayu da Nuwamba, rubutu a kwamfuta sannan gwajin aiki tasha-tasha ana duba ki da agogo, kuma sai kin ci 50 cikin 100. Takardar makaranta daban, lasisin hukuma daban, asibiti lasisi yake tambaya. Maganar filin Baba kuma ki daina ɗora ta a ƙirji da daddare, shi addu'a yake miki ba bashi ya ba ki ba.

Anti ina wuni. Digiri ne da ni a Kemistiri, shekara shida ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kubwa, yarana suna cin WAEC lafiya lau. Yanzu mai makarantar ta ce kowa ya kawo takardar TRCN, wato hukumar rajistar malamai ta ƙasa, na je an ce ban cancanta ba, alhali wani mai NCE da muke aiki tare ya samu tasa. Wannan ba raini ba ne? Wani ya ce in kawo kuɗi zai haɗa min.

Lafiya lau ƙanena. Ba raini ba ne, ko da yake na san da ciwo. Jami'a Kemistiri ta koya maka, ba ta koya maka koyarwa ba, shi kuwa mai NCE shekara uku ya yi ana koya masa yadda ake tsara darasi, yadda ake gane yaron da ya yi shiru don ya gane da wanda ya yi shiru don ya ɓata, sannan ya fita TP, wato gwajin koyarwa, malami ya zauna a bayan aji da biro yana ba shi maki. NCE ita ce mafi ƙarancin takardar koyarwa a ƙasar nan, kuma TRCN tun dokar 1993 take, ba jiya aka ƙirƙiro ta don a ɓata maka rai ba. Mutane ne suka daɗe suna kau da kai.

Hanyarka gajera ce. Ka yi PGDE, wato diflomar koyarwa ta masu digiri, kamar shekara guda ce, Cibiyar Malamai ta Ƙasa NTI da ke Kaduna tana yi kuma tana da wuraren karatu a jihohi har Abuja, jami'o'i ma suna yi, ba sai ka bar aiki ba. In ka gama sai ka yi rajistar jarabawar TRCN, a kwamfuta ake yi, ka shiga rukunin C na masu digiri, abokinka mai NCE yana D, to ka ga ma ka wuce shi tunda abin ya dame ka. Ka je wa mai makarantar da takardar shiga PGDE ɗin a hannu, da wuya ta sallami malamin Kemistiri mai shekara shida a kan wata goma sha biyu.

Mai haɗa maka kuwa, lambar rajista ana duba ta. Ranar da za ka nemi aikin gwamnati a gano ta bogi ce, shi yana gida yana shan shayi.

Salam Anti, uwa ce daga Bukur. 'Yata na son nas amma ta faɗi Kemistiri, an nuna mana wata sabuwar makaranta an ce ba ruwansu da wannan kuma ba sai da JAMB ba. Mu biya?

Kar ki biya 'yar'uwa. Kiredit biyar ake nema, Turanci, Lissafi, Fiziks, Kemistiri da Bayoloji, a zama ɗaya ko biyu, kuma yanzu da makarantun nas suka koma tsarin ND da HND ta JAMB ake shiga. Duk wanda ya ce miki ba ruwansa da waɗannan, to hukuma ma ba ruwanta da shi. NMCN tana da jerin makarantun da ta amince da su, ki sa yaro ya buɗe miki a waya ki nemi sunan da idonki. Yarinya ta sake zama Kemistirin a jarabawar NECO ta Nuwamba da Disamba, sannan ta nemi makarantar nas ta Vom ko ta JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, ko digirin shekara biyar a Jami'ar Jos in makinta ya kai. In kuma ta canza ra'ayi ta ce koyarwa, ga makarantun horar da malamai nan a Gindiri da Pankshin. Kuɗin ki ɗaure shi a bakin zani har sakamako ya fito.