Filin Tambayoyinku: Wa Ya Fi Dacewa Da Muryar Katun?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na saka wa yarana katun ɗin Mario da ya fito a 2023, sai babbansu ya ce wannan ba muryar Mario ba ce, wai wani jarumin Amurka aka ɗauko. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, tunda ba ganin fuskarsa za a yi ba, mene ne amfanin biyan babban jarumi kuɗi masu yawa? *Daga wata uwa a Zariya.*

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kunnen ɗanki bai yaudare shi ba. Muryar da ya ji ta Chris Pratt ce. Wanda yara suka sani da muryar Mario a wasannin Nintendo shi ne Charles Martinet, wanda duniya ta san muryarsa tun wasan Super Mario 64 na 1996. Da aka zo yin babban fim, sai aka ba shi 'yan ƙananan wurare, ciki har da uban Mario, aka miƙa Mario ɗin kansa ga Pratt.

Dalili kuwa, ba don yaranki aka ɗauko shi ba, dominki ne. Yaro ɗan shekara shida bai san wani Pratt ba, bai kuma damu ya sani ba. Amma ba shi ke sayen tikiti ba. Uwa ko uba ne ke tsayawa gaban fasta su ga sunan da suka sani, su ce to, wannan ko mu ma za mu iya zama mu kalla. Sannan jarumi yana zagaya gidajen talabijin ana hira da shi, jaridu su buga hotonsa, miliyoyin mabiyansa su ga tallan a wayoyinsu. Kuɗin da aka ba shi, rabinsa na talla ne.

Da can ba haka abin yake ba. A zamanin da kamfanin Warner ke yin gajerun katun ɗinsa, mutum ɗaya ne, Mel Blanc, ke yin Bugs Bunny da Daffy Duck da Porky Pig da Tweety da Sylvester. Zomo shi ne, agwagwa shi ne, kyanwa da tsuntsun da take farauta duk shi ne. A 1961 ya yi mummunan haɗarin mota, amma saboda samun madadinsa ba abu ne mai sauƙi ba, sai aka kai kayan ɗaukar murya har bakin gadonsa yana kwance cikin ɗauri. Har ya rasu a 1989, da yawa cikin waɗanda suka tashi da muryarsa ba za su gane shi ba ko da sun haɗu a hanya.

Disney ta sha ɗauko sanannun mutane jefi-jefi, kamar mawaƙi Louis Prima da ya yi sarkin birai a The Jungle Book na 1967. Amma inda ruwa ya canza hanya shi ne Aladdin na 1992, da Robin Williams ya yi aljanin fitila. Williams ya karɓi mafi ƙarancin ladan da ƙungiyar 'yan wasa ta yanke, dala 75,000, da sharaɗin kada a yi amfani da muryarsa wajen tallan kayayyaki. Fim ɗin ya tara sama da dala miliyan 500, Williams ya ce an saɓa masa alkawari, suka ɓata da kamfanin har sai da aka ba shi haƙuri a bainar jama'a. Abin da ke ba ni takaici shi ne darasin da masu kuɗin suka ɗauka. Williams ya yi fice ne don shi gwanin sauya murya ne tun asali, yana ƙirƙirar magana nan take, masu zane suna bin sawunsa. Su kuwa abin da suka gani kawai shi ne suna yana kawo kuɗi.

Daga nan kamfanin DreamWorks ya mayar da abin sana'a. Shrek na 2001 an tallata shi ne da sunayen Mike Myers da Eddie Murphy da Cameron Diaz, kuma an ruwaito cewa a kashi na biyu kowannensu ya karɓi dala miliyan 10. A Shark Tale na 2004 har kifayen aka zana da kamannin Will Smith da Angelina Jolie da Robert De Niro, don kada mai kallo ya manta wa aka biya. Mario ɗin da kuka kalla kuma ya tara sama da dala biliyan 1.3, don haka ba na tsammanin za su daina nan kusa, ko da yake ni a ganina sunan Mario ne ya cika gidajen kallo, ba na Pratt ba.

Tambaya: Malam, ni ban ga abin ɗaga jijiyar wuya ba. Jarumin da ya iya kuka da dariya gaban kyamara, karanta takarda gaban makirufo ne zai gagare shi? Ai magana ce kawai. *Daga wani ɗalibi a Maraɗi.*

Amsa: Ƙanena, ba kai kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Chris Rock, wanda ya yi jakin dawa a Madagascar, ya tsaya a bikin Oscar na 2012 ya ce aikin ba wuya, ka shiga ɗaki a gaya maka abin da za ka faɗa, ka faɗa, a ba ka dala miliyan. Mutane sun yi dariya, masu sana'ar kuwa sun ji zafin maganar, kuma ina tare da su.

Na yi aikin wasan kwaikwayo na rediyo, na ga abin da makirufo ke yi wa mutum. Ɗan wasan da ya saba da kyamara yana da ido, yana da gira, yana da kafaɗa, yana da tafiya. Zai iya yin shiru, fuskarsa ta yi masa magana. Ka shigar da shi ɗakin ɗaukar murya, duk an ƙwace masa waɗannan, saura maƙogwaro da numfashi. A Amurka yawanci murya ake fara ɗauka kafin a yi zanen, kuma sau da yawa kowa shi kaɗai yake shiga. Ke nan zai yi faɗa da abokin gabar da ba ya wurin, ya yi kukan mutuwar uban da ba a zana ba tukuna, ya yi ihun faɗowa daga kan dutse yana tsaye wuri ɗaya, ba halin ya motsa sosai don kada rigarsa ta yi ƙara. Sannan a ce ya maimaita layi ɗaya da fushi, da tsoro, da zolaya, kuma idan ya dawo bayan wata shida muryar ta fito daidai da ta ranar farko. Wanda bai iya ba, nan take za ka ji karatu yake yi.

Ga misalin da nake so ka riƙe. A The Lion King na 1994, Jeremy Irons ne ya yi Scar, mugun zakin labarin, kuma ya yi shi da kyau. Amma yana cikin ɗaukar waƙar Scar muryarsa ta dishe. Jim Cummings, wanda aka ɗauka don ya yi ɗaya daga cikin kurayen, shi ya ƙarasa waƙar da muryar Irons. Mutane sun yi shekaru suna sauraro ba su gane inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya ɗauka ba. Wannan ita ce sana'ar da kake cewa magana ce kawai. A Japan har makarantu ake da su na koyon ta, kuma Goku na Dragon Ball, wanda samari ke kwaikwayon ihunsa, mace ce ke yin sa, Masako Nozawa, tun 1986. An haife ta a 1936.

Mu Hausawa ma bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Mun tashi muna kallon jaruman Indiya suna motsa baki, alhali Lata Mangeshkar ce ko Mohammed Rafi ke rerawa, kuma a fina-finanmu ma mawaƙi ne ke shiga situdiyo, jarumi ya hau kan waƙar. Ba wanda ya taɓa cewa tunda jaruma ta iya rawa, dole ta iya waƙa.

Ba ina cewa duk tauraro bai iya ba. James Earl Jones da ya yi Mufasa, sarkin zakuna a The Lion King, muryar ce ma babban jarinsa. Eddie Murphy a matsayin jakin Shrek ba wanda zai ce an yi asarar kuɗi. Tom Hanks ya zama Woody, ɗan tsanan Toy Story, har ba ka iya raba su. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne: in rufe ido in saurara. Idan zaki na ji, ko jaki, ko ɗan tsana, an yi aiki. Idan kuwa wani attajiri na ji yana tsaye cikin ɗaki yana karanta takarda, an cuci masu zanen da suka yi shekaru suna wahala a kan fuskar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tsige mutum daga muryar da ya daɗe yana yi. A fim ɗin Scoob! na 2020, na labarin kare Scooby-Doo da abokansa Fred da Shaggy da Daphne, an ɗauki Zac Efron ya yi Fred, alhali Frank Welker ke yin Fred tun 1969, kuma yana cikin fim ɗin yana yin karen. Matthew Lillard da ke yin Shaggy da Grey DeLisle da ta yi Daphne kusan shekara 20 duk an ajiye su, kuma dukansu sun fito sun nuna abin ya yi musu ciwo. Lokacin da aikin na talabijin ne mai ƙaramin lada, su ne suka riƙe shi. Da babbar riba ta zo, sai aka nemi wasu.

Tambaya: Malam, ni da abokaina muna haɗa gajeren katun na Hausa a kwamfuta. Wasu sun ce mu nemi babban jarumin Kannywood ya ɗora murya don a kalla. Kuɗinmu kaɗan ne. Mene ne shawararka? *Daga wani matashi a Kano.*

Amsa: Allah ya yi wa aikinku albarka. Masu ba ku shawarar ba su yi ƙarya ba, suna yana jawo ido. Ko Disney da za ta fitar da The Lion King na 2019 da harshen Hindi, Shah Rukh Khan ta ɗauko ya yi Mufasa, ɗansa Aryan ya yi Simba. Amma ku duba abin da kamfanin ya yi a Moana na 2016. Babban jarumi Dwayne Johnson aka ba Maui, abokin tafiyar Moana, ita kuwa Moana, wadda labarin ke kanta, wata yarinya 'yar Hawai aka zaɓa bayan gwaji, Auli'i Cravalho, tana da shekara 14, ba wanda ya san ta.

Kano cike take da mutanen da murya ce abincinsu: masu fassarar fina-finan Indiya irin na Algaita, tsofaffin 'yan wasan kwaikwayo na rediyo, masu karanta littattafan Hausa a tashoshi, masu tallan magani da za su yi maka muryar tsoho da ta yaro a numfashi ɗaya. Ku fara da su. Ku ba kowa layuka iri ɗaya ya karanta, ku ɗauka a waya, ku sa lamba a maimakon suna, sannan ku kunna wa yara biyar ko shida ku ga wacce ta sa su dariya, wacce ta sa su yin tsit. Idan jarumin ya yarda ya shiga gwajin kuma ya ci, ku ba shi da hannu biyu. Idan bai ci ba amma kuna son sunansa, ku ba shi sarki ko boka mai fitowa sau biyu, ku biya shi na yini ɗaya. Sauran kuɗin ku sayi makirufo mai kyau, ku jera katifu a bangon ɗaki don kashe amsa-kuwwa, ku yi ɗauka da dare bayan an kashe janareta a unguwa. Kuma ku rubuta yarjejeniya da duk wanda ya yi babbar murya cewa idan katun ɗin ya karɓu aka zo kashi na biyu, shi za a fara kira, sannan sunansa ya fito a farkon fim kusa da na mai zane.