Surukata ta ce 'yan kunne da gashin doki za su kai ni wuta

Tambaya

Mama, sannu da aiki. Ni Kirista ce. Iyayena mutanen Bawku ne, amma a Aboabo aka haife ni, nan Kumasi, Hausa kuma muke yi a gida. Atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia. Shekarata 16 da aure. Bara surukata ta dawo zama da mu, ita kuwa a cocinsu mace ba ta sa 'yan kunne, ba ta kitso da gashin doki, ba ta sa wando, ba ta addu'a sai da ɗankwali. Tun da ta zo ban huta ba. Ta ce adona na Yezebel ne, muguwar sarauniyar nan ta Littafi Mai Tsarki, wuta zai kai ni. Ranar da 'yata mai shekara 14 ta fita da wando, kwana biyu kakar ba ta taɓa abincina ba. Maigida ya yi gum, in na yi magana sai ya ce in yi haƙuri. Ga shi kuma a unguwa nakan ji ana cewa matan Kirista ba su da kunya, abin yana sosa mini rai. Me Littafi Mai Tsarki ya ce? In cire ne, ko in tsaya a kan bakana?

Wata uwa daga Aboabo

Amsa

'Yata, sannu da haƙuri. Bari in fara sauke miki nauyin da ya fi danne ki: babu ayar da ta ce 'yan kunne ko kitso za su kai mace wuta. Cetonki yana kan Almasihu, ba a rataye yake a kunnenki ba. Sai dai kada ki ɗauki wannan magana ki je ki jefa wa surukarki, domin ita ma ba daga iska ta tsinto nata ba. Akwai ayoyin da take dogara da su, ya kamata ki san su kamar yadda ta san su.

Babbar ayarsu ita ce 1 Timoti 2:9-10. A nan Bulus ya ce mata su yi shigar da ta dace, da kunya da kamun kai, adonsu kada ya zama na kitso da zinariya da lu'ulu'u da tufafi masu tsada, sai dai na kyawawan ayyuka. Kalmar da ya yi amfani da ita a Helenanci, *aidos*, ba ta da fassarar da ta fi namu "kunya" dacewa: wannan abin da ke cikin mutum da yake hana shi zubar da mutuncinsa ko na wani, ko da babu mai ganinsa. To, ki duba abubuwan da ya lissafa. Zinariya, lu'ulu'u, kaya masu tsada. Duk na masu kuɗi ne. Timoti yana Afisa a lokacin, birnin kasuwanci mai arziki, inda matan manya ke zama sa'o'i bayi na gina musu kitso ana saƙa zinariya a ciki. Irin wannan mace ta shigo sujada a gidan da ake taruwa, ta zauna kusa da baiwar da zanenta ɗaya ne tak a duniya. Abin da ya dami Bulus ke nan. Ke da kike Kejetia kin fi ni sanin wannan ciwon: kin ga matan da ke cin bashi don su sayi leshi ko kente na biki ɗaya, kin ga yadda jana'izar Asabar da godiyar Lahadi suka koma gasar zane. Mace za ta iya rufe jikinta ruf daga kai har ƙafa, ba ɗan kunne ko ɗaya, amma ta karya wannan aya da tsadar abin da ta rufa da shi.

Bitrus ma ya yi irin maganar a 1 Bitrus 3:3-4. Ya ambaci kitso, da sa zinariya, da sa tufafi, duk a jere ɗaya. In haramci yake nufi, to tufafin ma ya haramta ke nan, wanda ba mai hankalin da zai ce haka. Yana nuna inda kyan mace ya kamata ya kafu ne, wato a hali mai tawali'u da natsuwa.

A Tsohon Alkawari kuma ado yana zuwa ta fuska biyu. Bawan Ibrahim ya ba Rifkatu zoben zinariya da awarwaro biyu masu nauyin shekel goma a bakin rijiya (Farawa 24:22), nan take kuma ya sunkuya ya yi wa Allah sujada. A Ezekiyel 16 Allah da kansa ya kwatanta ƙaunarsa ga Urushalima da yi wa amarya ado da awarwaro da sarƙa da 'yan kunne. Matar kirki ta Karin Magana 31 tana sa lilin mai kyau da shunayya, ita ma fa 'yar kasuwa ce kamar ki. A ɗaya gefen, da 'yan kunne aka ƙera ɗan maraƙin zinariya (Fitowa 32), Yakubu kuma ya binne 'yan kunnen iyalinsa tare da gumakansu a Shekem (Farawa 35:4), Ishaya 3 kuma ta yi wa matan Sihiyona kaca-kaca a kan taƙama da kayan ado. Amma ki karanta ayoyin da suka gabaci wannan tsawatarwa, za ki ga ana maganar ganimar matalauta da ke jibge a gidajen manya. Gumaka da girman kai da zalunci, su ne laifin a duk wuraren nan. Yezebel kuwa, gaskiya ne ta sa tozali ta gyara kanta ranar mutuwarta, amma jinin annabawa da jinin Nabot ne ya ja mata hukunci. Kiran 'yar'uwa mai bi da wannan suna ba ƙaramin abu ba ne, kuma ban ji daɗin an kira ki da shi ba.

Batun ɗankwali ya fi wuya, ba zan ɓoye miki ba. A 1 Korantiyawa 11 Bulus ya ce mace ta rufe kanta in tana addu'a ko annabci, ya kuma kafa hujja da halitta, har ya ambaci mala'iku. Masana masu tsoron Allah sun rabu a kai. Wasu sun ce umarni ne na kowane zamani. Wasu sun ce a Koranti lulluɓi alama ce ta matar aure mai mutunci, don haka abin da ke dawwama shi ne mace ta girmama aurenta da ikilisiya ta hanyar da mutanen wurinta za su gane. Ni ga na biyun na karkata, duk da haka da ɗankwalina nake shiga coci, domin a zango kan mace a rufe yana faɗin abin da yake faɗi a Koranti.

Manyan ikilisiyoyi ma sun sha juya wannan magana. Dokar cocin Katolika ta 1917 ta wajabta wa mata rufe kai a sujada, wadda aka fitar a 1983 ba ta ambace shi ba. Nan Ghana, Church of Pentecost, wadda tushenta ke komawa ga aikin ɗan mishan James McKeown da ya iso ƙasar nan a 1937, ta daɗe da saninta da ɗankwali da raba wurin zaman maza da mata. A 2010, lokacin shugabancin Manzo Opoku Onyinah, shugabanninta suka fitar da sanarwa cewa kada a hana mace sujada don ba ta rufe kai ba, kada kuma a kori baƙuwar da ta zo da wando na mutunci. An yi ta ka-ce-na-ce, tsofaffi da yawa ransu ya ɓaci, har yau kuma in kin shiga majami'unsu za ki ga ɗankwali birjik, sai dai yanzu da son rai ake ɗaurawa. Cocin Deeper Life da wasu 'yan Adventist suna nan a kan barin kayan ado. Duk waɗannan mutane ne masu karanta Littafi ɗaya. Romawa 14 don irin wannan aka rubuta ta: mai ci kada ya rena marar ci, marar ci kada ya hukunta mai ci.

Ina faɗin wannan da nauyi a zuciyata. Shekaru da yawa da suka wuce, ina cikin matan da ke tsayawa a ƙofar coci, wata yarinya 'yar kayayo, wato mai dakon kaya a kasuwa, ta zo kanta a buɗe, da siket ɗin da ya ɗan gaza. Na tare ta na ce ta koma ta shirya. Ta juya ba ta ce uffan ba, ban sake ganinta ba. Sai daga baya na gane watakila kayan da take da su ke nan. Yakubu 2 ta yi gargaɗi a kan masu duba tufafi a ƙofar majami'a, na san ayar, amma ranar ban tuna da ita ba. Har yau ina yi wa yarinyar nan addu'a.

Wando kuwa, ayar da ake jawowa ita ce Maimaitawar Shari'a 22:5, cewa mace kada ta sa kayan maza, namiji kada ya sa na mata. Lokacin da aka ba da wannan doka maza da mata duk riguna masu tsawo suke sawa. Abin da aka hana shi ne mutum ya ɓad da kamarsa ya koma ɗaya jinsin. Wane kaya ne na maza, wane ne na mata, wannan al'adar wuri ce ke faɗa. Ba ga shi nan Kumasi dattawan Tonawa, wato mutanen Asante, na yafa zane ba, har sarkinsu Asantehene da kansa, wa ya taɓa cewa sun yi shigar mata? Surar nan dai ta Maimaitawar Shari'a ta hana haɗa ulu da lilin a tufa ɗaya, ban kuwa ga mai bincika wannan a shagonki ba. Wandon da aka ɗinka don mata ba kayan maza ba ne. Tambayar ita ce ko ya rufe ko ya matse.

Yanzu mu dawo gida, domin ina ganin ciwon naki ba na tauhidi ba ne kaɗai. Tsohuwa ta bar ɗakinta da ƙawayenta ta zo gidan da ba ita ce mai murhu ba. Sau da yawa irin wannan uwa takan riƙe abin da ya rage mata ƙarfi a kai, wato tarbiyyar jikoki. Kuma in har ta gaskata wuta na jiranki, to tsoro ne ke sa ta magana, ko da harshen ya yi kaifi. Shawarata, ki ba ta abin da ba zai rage ki da komai ba. In za ku yi addu'ar iyali, ɗaura ɗankwali. In za ki raka ta cocinsu, cire 'yan kunnen ki sa a jaka. Wannan ba munafunci ba ne, girmama na gaba ne, durƙusa wa wada kuma ba gajiyawa ba. Amma kada ki ce mata kin yarda zunubi ne alhali ba ki yarda ba. Ki same ta ita kaɗai, bayan ta ci ta ƙoshi, ki ce: "Mama, na san don kina ƙaunata kike faɗa. Zan rufe kaina in muna addu'a tare. Amma sunan Yezebel yana yi mini ciwo, ina roƙonki ki bar kirana da shi." Iyakar abin da za ki nema ke nan a karon farko.

Shirun maigidanki shi ne abin da ban yarda da shi ba. "Yi haƙuri" magana ce mai kyau, amma ba ta isa ta zama dukan aikin miji ba. Farawa 2:24 ta ce mutum zai bar mahaifinsa da mahaifiyarsa ya manne wa matarsa, Afisawa 5 kuma da ta ce mata su yi biyayya ta ɗora wa miji abin da ya fi nauyi, ya ƙaunaci matarsa kamar yadda Almasihu ya ba da ransa domin ikilisiya. Kalma ɗaya daga bakin ɗa ta fi ɗari daga bakin suruka shiga kunnen uwa. Ki gaya masa a ɗaki, ba a gaban yara ba, cewa ba ki neman ya zaɓa tsakaninku, kina neman ya faɗa wa mahaifiyarsa da ladabi cewa shi da ke ne za ku tsara shigar 'yarku. In ya kasa, ku nemi dattijo ko matar fasto da tsohuwar ke jin nauyinta.

Maganar maƙwabta kada ta ci miki rai. Zango wuri ne da Musulmi da Kirista ke shan famfo ɗaya, suna halartar suna da biki da zaman makokin juna. Abin da suke gani a talabijin da titin Adum na tsakiyar Kumasi shi suke ɗauka shigar Kirista. Ba da gardama za ki gyara wannan ba. In za ki shiga gidan suna ko ta'aziyya, yafa mayafinki kamar yadda uwarki ta saba yi. Sun san ki, sun san gaisuwarki da cinikinki.

'Yarki ce ta fi damuna a cikin duka. Yarinya mai shekara 14 da ta ga kakarta ta ƙi abinci saboda wandonta za ta iya ɗauka jikinta abin ƙyama ne, ko kuma ta koyi fita da zane ta canza a hanya. Dukansu ba alheri. Kada ki koya mata cewa ita ce mai ɗaukar alhakin idon kowane namiji, domin Yesu a Matiyu 5:28 mai kallon ya kama da laifi. Ki koya mata dalili: jikinta haikali ne na Ruhu Mai Tsarki, mai daraja ne, shi ya sa ake suturta shi. Ki kuma sa ido a kan abin da kakar ba ta ambata ba, wanda ni a ganina ya fi wando haɗari nesa ba kusa ba, wato man bilicin. Tun 2016 hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana ta hana shigo da mayukan shafawa masu sinadarin hydroquinone, amma har yanzu suna yawo a kasuwa, 'yan mata na shafawa fata na sirancewa tana ƙonewa. Ki duba abin da ke cikin jakarta da kan tagarta, ki kuma riƙa gaya mata baƙinta kyakkyawa ne tun kafin wani ya gaya mata akasin haka.

Ranar da kasuwa ta yi sauƙi, ki tafi da ita shago ta zaɓi atamfar da ranta ke so, ku je wurin tela tare, ta faɗi ɗinkin, ke ki faɗi tsawon. In wando take so, a ɗinka mai walawa da riga mai sauka ta rufe ƙugu. Ki yanko wa kakar ma yadi shida daga irin wadda take so, ki ba yarinyar ta kai mata da hannunta.