Kun Tambaya: Lantarkin Iska, Aikin Yi da Abincin Halittu

TAMBAYA: Na kammala difloma a fannin lantarki, kuma ina yawan jin ana cewa samar da wuta daga iska zai buɗe wa matasa ƙofofin aiki. Da gaske ne, ko daɗin baki ne kawai? Daga wani mai karatu a Katsina.

AMSA: Ɗan'uwa, maganar tana da tushe, amma ya kamata ka san inda ayyukan suke kafin ka ɗora buri a kansu. Alƙaluman hukumar IRENA, mai bibiyar harkar makamashi mai sabuntuwa a duniya, sun nuna cewa mutum kusan miliyan 1.5 ne suka ci abinci a fannin lantarkin iska a shekarar 2023, kuma kimanin rabinsu a ƙasar Sin suke, domin kaso mai tsoka na aikin yana masana'antun da ke ƙera fikafikan manyan fankokin da iska ke juyawa da dogayen turakunsu da janaretocinsu. Ƙasar da ke sayo komai daga waje, abin da ke saura mata shi ne aikin kafawa da na kulawa.

Lokacin kafawa ana ɗibar mutane da yawa, masu fasa hanya da masu zuba kankare da masu walda da direbobi, sai dai da an gama sai a sallami mafi yawansu. Aikin da ke ɗorewa shi ne na gyara, tun da fanka ɗaya kan yi shekara 20 zuwa 25 tana juyawa. Ma'aikacin yakan ɗaura ɗamarar kariya ya hau tsani ta cikin turken, wani lokaci sama da mita 80, ya duba man giya da birki da wayoyi, ya ƙara ɗaure kusoshin da girgiza ta sassauta, sannan ya leƙa fikafikan ko tsawa ko ƙura sun yi musu lahani. Saboda haka kamfanoni ba sa wadatuwa da takardar makaranta, sai sun ga shaidar horo kan aiki a sama da agajin gaggawa da kashe gobara.

A jiharku akwai darasi. Tashar Lambar Rimi, wadda aka tsara ta ba da megawat 10 daga fankoki 37, ta shafe fiye da shekara 10 ana jan aikinta, kuma sace wani injiniya ɗan Faransa da aka yi a Rimi a watan Disambar 2012 ya ƙara mayar da shi baya. A Kenya kuwa tashar Tafkin Turkana mai fankoki 365 tana da ƙarfin megawat 310, ta Taiba Ndiaye a Senegal kuma tana da kusan 159. Ba ko'ina ne ya dace ba, domin idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta kan ninka sau takwas. Shawarata ita ce ka haɗa da koyon aikin sola, wanda ya fi na iska yawan ma'aikata nesa ba kusa ba, kuma a unguwarku ma ana nemansa; ilimin taransifoma da haɗa wuta da babban layi zai yi maka amfani a duka biyun.

TAMBAYA: Ɗalibaina sun ce sun gane yadda zafi ke ƙona amfanin gona, amma ba su gane yadda sauyin yanayi zai cutar da dabbar da ke iya jure zafi ba. Yaya zan yi musu bayani? Daga wata malamar sakandare a Maraɗi.

AMSA: Malama, ki fara da tuna musu cewa babu halittar da ke rayuwa ita kaɗai. Tsiro na haɗa abincinsa da hasken rana, fara ta ci tsiro, ƙadangare ya ci fara, shaho ya sure ƙadangare, kuma a kowane mataki kimanin kashi 10 cikin 100 ne kawai na ƙarfin abincin ke wucewa gaba. Shi ya sa ciyawa ta fi fara yawa, fara kuma ta fi shaho, shi ya sa kuma ƙaramar tawaya a ƙasa kan zama yunwa ga wanda ke sama.

Abin da ya fi ɓoyuwa ga ido shi ne saɓanin lokaci. Akwai wani ɗan tsuntsu mai baƙi da fari, mai cin ƙwari, da ke gudun sanyin Turai ya zo Afirka ta Yamma, sannan ya koma can ya yi ƙwai idan ɗumi ya fara shigowa. 'Ya'yansa sun dogara ne da tsutsotsin da ke cin sabon ganyen itatuwa, waɗanda yawansu ba ya wuce 'yan makonni. Da ɗumi ya riƙa saurin zuwa a Holan, sai itatuwa suka riƙa tofo da wuri, tsutsotsin ma suka bi, alhali tsuntsun yana nan wajenmu, babu abin da zai sanar da shi cewa kalandar can ta gusa. Binciken da aka wallafa a 2006 ya gano cewa a dazuzzukan da tsutsar ta fi saurin fitowa, yawan tsuntsun ya ragu da kusan kashi 90 cikin 100. Zafi bai taɓa shi ba, ya dai zama baƙon da ya iso gidan biki bayan an wanke tukwane.

Wani lokaci kuma yawa ne ke zama bala'i. Guguwar teku biyu da suka zubar da ruwa a hamadar kudancin yankin Larabawa a 2018 sun tsirar da ciyawa inda ba a saba gani ba, farin dango suka hayayyafa, daga baya suka afka wa Habasha da Somaliya da Kenya; a Kenya ma an ce an yi shekara 70 ba a ga irinsu ba. Masana na danganta yawaitar irin wannan guguwa da ɗumamar Tekun Indiya.

Sai dai ki gargaɗe su kada su ɗora wa sauyin yanayi kowane laifi. Tafkin Chadi ya ragu ƙwarai daga murabba'in kilomita kusan 25,000 da yake da shi a shekarun 1960, musamman saboda ƙarancin ruwan sama na shekarun 1970 da 1980, amma ɗibar ruwa don noman rani ma ta taka rawa. A fadamar Haɗeja da Nguru kuwa, madatsun Tiga da Challawa sun sauya yadda ruwa ke malala, kacala ta toshe hanyoyinsa, ta kuma zama maɓoyar jan-baki masu cinye gero da shinkafa.

TAMBAYA: An ce fankokin nan na lantarkin iska suna kashe tsuntsaye. Ashe ba gyaran gangar auzinawa ake yi ba? Daga wani mai karatu a Kumasi.

AMSA: Suna kashewa, musamman manyan tsuntsaye da jemagu, kuma illar ba ta tsaya kan gawar da aka tsinta a gindin turke ba. A tsaunukan yammacin Indiya, wani bincike na 2018 ya nuna cewa tsuntsaye masu farauta sun yi ƙaranci a kusa da fankokin, ƙadangarun da suke ci suka ƙaru har suka rage tsoro. Duk da haka, a ganina ba a kwatanta wannan da ɓarnar hayaƙin kwal da man fetur, wadda ke shafar duniya baki ɗaya, domin wannan matsala ce ta wurin da aka zaɓa, kuma tana da magani. A Jabal al-Zait da ke gaɓar Bahar Maliya a Masar, kan hanyar hijirar dangin shamuwa da gaggafa, ana ɗaukar masu sa ido da madubin hangen nesa tare da na'urar rada, da zarar sun hango garke sai su sa a tsayar da fankokin har ya wuce. Game da jemagu kuwa, an gano cewa sun fi fita a daren da iska ba ta da ƙarfi, don haka hana fankokin juyawa a irin wannan lokaci yana rage mutuwarsu sosai, kuma wutar da ake rasawa kaɗan ce.