Na'urar Sarrafawa: Araha a Takarda, Tsada a Aiki

Tambaya: Ina kula da layukan bututun ruwa masu mahaɗa da yawa. Mai kawo kaya ya ce dole in dasa bawul mai sarrafa kansa a kowace mahaɗa. Haka ne?

A'a, Malam, ciniki yake nema. Tun 1974 wani masani, Ching-Tai Lin, ya nuna cewa daga zanen wace mahaɗa ce ke tasiri a kan wace ake gane ko tsari zai juyu, wato ko za a iya sarrafa shi gaba ɗaya. A 2011 wasu masana, Liu, Slotine da Barabási, suka fito da hanyar ƙirga mafi ƙarancin mahaɗan da za a riƙe da na'ura don a sarrafa sauran. Ka ba kowace mahaɗa farashinta, ka rubuta sharuɗɗanka, lissafin liniya furogiramin, wato lissafin neman zaɓi mafi kyau cikin sharuɗɗan da aka gindaya, ya zaɓo maka mafi araha.

Tambaya: Ɗaliba ce ni, ba ni da kuɗin lasisin Gurobi, manhajar warware irin wannan lissafi. Aikina ya lalace ke nan?

Kwantar da hankalinki, 'yata. Manhajojin HiGHS da GLPK irin aikin suke yi, kyauta ne, kuma za su ishe ki. Ki dai guji manhajar sata.

Tambaya: Kwamfuta ta ce na'ura biyu sun wadatar da tsarina. In saya yau?

Haba Malam, gaggawar me kake yi? Wannan ne ya fi damuna da masu irin wannan aiki. Lissafin abin da ka zuba masa kawai yake aunawa. In kuɗin saye kaɗai ka saka, ka bar kuɗin dasawa da gyara da wutar da na'urar za ta sha, to amsar da ka samu ta wata tambaya ce daban.

Sannan cewa tsari zai juyu ba ya nufin zai juyu cikin sauƙi. Idan na'urori sun yi kaɗan, mahaɗan da ke nesa da su kan buƙaci ƙarfin da ƙaramar na'ura ba ta da shi. Kuma ranar da ɗaya cikin biyun ta mutu, wa zai riƙe sauran? Ka ƙara sharaɗin cewa tsarin ya ci gaba da juyuwa ko da na'ura ɗaya ta lalace. In amsa ta fito da rabin na'ura, kada ka cike ta da ka; ka tilasta wa lissafin sifili ko ɗaya a kowace mahaɗa (babu na'ura, ko akwai), ka gwada a kwamfuta kafin ka fitar da ko sisi.