Famfon zafi ko tukunyar gas: wanne ya fi cin kuɗi wajen ɗumama gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Tukunyar gas da ke ɗumama mana gida ta tsufa, kuma ana ta ba ni shawara in koma famfon zafi mai aiki da lantarki. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne lantarki ya fi gas tsada nesa ba kusa ba. To ta ina sauƙin zai fito?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ka taɓo inda gizo ke saƙa. Tukunya ƙona gas take yi, kuma ko ta zamani ce, wajen kashi 90 cikin 100 na abin da ta ƙona ne ke zama ɗumi a ɗaki. Shi kuwa famfon zafi ba ya ƙona komai. Ɗumin da ke cikin iskar waje yake kwasowa ya shigo da shi, kamar yadda firji ke fitar da zafin cikinsa ta baya. Shi ya sa yunit ɗaya na lantarki kan ba ka yunit uku na ɗumi, wani lokaci huɗu.

Mu ƙaddara gidanka na buƙatar yunit 10,000 na ɗumi a shekara. Da tukunya za ka sayi gas yunit 11,100. Da famfon da ke ninkawa uku, lantarki yunit 3,300 da ɗoriya ya ishe ka. Idan huɗu yake ninkawa, 2,500. Ke nan ɗauko takardar bil, ka raba farashin yunit na lantarki da na gas. Idan abin da ya fito bai kai 3.3 ba, famfo mai ninki uku ya fi araha. Idan ya haura 4, sai famfon da aka kafa da gwaninta ne zai kamo tukunya. Haka abin yake a Birtaniya, inda farashin lantarki ya ninka na gas wajen sau huɗu ko fiye. A Norway kuwa, inda ruwa ke ba da lantarki kuma ba a saba ɗumama gida da gas ba, fiye da rabin gidaje famfon zafi suke amfani da shi.

Ninkin nan ba a jikin injin kaɗai yake ba, kuma a nan mutane suka fi yin asara. Ya danganta da zafin ruwan da ke zagayawa cikin bututu. Tukunya kan tura ruwa mai digiri 60 zuwa 70, famfon zafi kuwa ya fi sakewa a digiri 35 zuwa 45. Idan radiyetocin gidan, wato ƙarafan da ruwan zafi ke bi ta cikinsu su ɗumama ɗaki, ƙanana ne, dole a ɗaga zafin ruwan kafin ɗaki ya yi ɗumi, ninkin ya sauko 2.5, bil ya tashi. Saboda haka kada ka yarda da lambar da ke jikin kwali, don a rana mai sauƙin sanyi aka auna ta. Ka nemi mai kafawa ya auna ɗaki-ɗaki ya rubuta maka matsakaicin ninki na shekara gaba ɗaya. Wanda ya leƙa gida kawai ya yanke maka farashi, sallame shi.

Akwai kuma kuɗin layi da wasu kamfanoni ke caja kullum ko ba ka kunna gas ba. Idan ka yanke layin baki ɗaya, wannan ya fita daga wuyanka. Famfon kuma a bar shi yana aiki a hankali tsawon yini, kunna-kashe ba ya yi masa daɗi. Ni dai in rufi da tagogin gidanka na zubar da ɗumi, can zan fara kashe kuɗi kafin in sayi kowane inji.