Amsa ga 'yar'uwar da Babanta ya ninka warfarin

Wa alaikumus salam 'yar'uwa, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Kin ce kwana 2 a jere yana shan warfarin, maganin hana daskarewar jini, sau 2 saboda mantuwa, amma garau yake, ko sai an je asibiti? Don Allah ku kai shi yau ɗin nan a yi masa gwajin INR, wanda ke auna jinkirin daskarewar jini: in lambar ta hau da yawa, jini na iya ɓallewa. Likita ne zai ce a tsallake na yau ko a rage.

Garau ɗin nan shi ke ruɗar mutane. Warfarin ba ya taɓa jinin da ke gudana a jijiya. Hanta yake zuwa, ya hana ta cin moriyar bitamin K, wanda da shi take haɗa sinadarai 4 masu sa jini ya daskare. Waɗanda ta riga ta haɗa suna nan suna aiki har su ƙare: wani cikin awa 6 rabinsa ya tafi, wani sai ya kusa kwana 3. Shi ya sa ɓarnar ba ta fitowa sai bayan kwana 2 ko 3. Maganin kansa kuma hanta kan kwashe wajen awa 40 kafin ta kawar da rabinsa.

Shekara 6 ina kula da Hajiyarmu tun da aka sa mata bawul na ƙarfe a zuciya, aka ɗora ta a kan warfarin. Ita ba ninkawa ta yi ba, gudawa ce ta kama ta aka sayo mata Flagyl a kemis, ashe yana hana hanta narkar da warfarin. Rana ta 5 na ga asuwakinta ya yi jajir, da na zo shafa mata mai sai ga shatin baƙi kamar tafin hannu a cinyarta, alhali ba ta bugu da komai ba. INR ɗinta da ake so ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5 ya haura 8. Wallahi har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. Bitamin K kaɗan aka ba ta, sai washegari lambar ta sauko, domin sai hanta ta sake haɗa sababbin sinadaran daskarewar. Wanda jini ya riga ya ɓalle masa ba a jiran wannan, ruwan jini ake ƙara masa.

Kafin ku isa, kada a ba shi aspirin, ibuprofen ko diclofenac, kuma kada a ce za a gyara da kwaɗon zogale don neman bitamin K. In kin ga baƙin bayan gida kamar kwalta, jan fitsari, haɓon da ya ƙi tsayawa, matsanancin ciwon kai, ko ya faɗi ya bugi kansa, sashen gaggawa za ku nufa ko da tsakar dare ne. Ki tafi da kwalin maganin, ki ƙirga ƙwayoyin da suka rage.