Koya wa yara rayuwar mutanen da

Malama, kin tambayi yadda ɗalibanki za su gane rayuwar mutanen da, tun kafin zuwan rubutu, ba tare da gyangyaɗi ba. Ai abin na gida ne: a garin Nok, ƙaramar hukumar Jaba ta jihar Kaduna, masu haƙar kuza suka fara tono kayan gasasshen yumɓu na mutanen da a 1928.

Samo yumɓu wajen magina tukwane. Yara su murza shi dogo-dogo kamar igiya, su ɗora zobe kan zobe har tukunya ta tashi, su shafe da jiƙaƙƙen yatsa. A shanya a inuwa, don rana tsaga ta take yi. Sai dutsen niƙa, kowa ya niƙa gero tafi guda. Ƙyasta wuta kuwa, ki yi da kanki, su kalla daga nesa.